Ciwon Dajin Maƙogwaro: Gashi, Kemo ko Tiyata, Wanne Ya Dace da Mara Lafiyarka?

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗan kamasho ne a wata tashar mota a nan Jos. Sama da shekara talatin da muryarsa yake ciyar da iyalinsa: "Bauchi saura mutum ɗaya!" Da muryar ta fara dishewa a wani hunturu, babu wanda ya kawo komai a ransa. Ga sanyin Jos, ga ƙura, ga ihu tun asuba, ga sigarin da ya saba da ita tun yana karen mota. Aka sha zuma da citta, aka sha lemun tsami, aka sayo maganin mura a kemis har kala huɗu. Hunturu ya wuce, bazara ta wuce, damina ta kankama, murya ba ta dawo ba. Ranar da muka kai shi asibiti numfashinsa ya riga ya fara ƙara, ana jin sa daga bakin ƙofar ɗaki.

Bayan gwaje-gwaje likita ya zaunar da mu ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, ya shimfiɗa mana hanyoyi biyu, ya ce mu je gida mu yi shawara. Makon da ya biyo baya gaba kura ne baya sayaki. Na rubuta wannan ne saboda wanda yake cikin irin wannan mako a yanzu. Abin da ke ciki na tara shi a shekara guda ta jinya, daga bakin likitoci da kuma karatu. Hukuncin ƙarshe yana hannun likitocin da suka ga hoton mara lafiyarka, amma za ka fi amfana da zaman da za ka yi da su idan ka shiga da tambayoyinka a shirye.

Kafin a fara auna hanyoyin

Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka haɗiyi yawu. Abin da ka ji ya hau ya sauka guringuntsi ne, kuma shi ne bangon gaba na ɗan ɗakin da murya take fitowa. A cikin ɗakin akwai tantani biyu, suna buɗewa idan za a shaƙi iska, suna haɗuwa su yi karkarwa idan za a yi magana. Aikin wurin uku ne: fitar da murya, wucewar numfashi, da rufe hanyar iska lokacin haɗiya don kada abinci ya sarƙe mutum ya gangara huhu. Murya kowa yake tunawa, amma sauran biyun ne suke kashewa idan sun lalace.

Ciwon da ya tsiro a kan tantanin murya yana saurin tona kansa, domin ko ƙanƙani ne sai murya ta dishe, kuma ba ya saurin bazuwa zuwa kaluluwar wuya. Wanda ya tsiro daga sama da tantanin yana iya girma shiru, sai dai zafin haɗiya, ko ciwon kunne ɓangare ɗaya, ko kumburi a gefen wuya. Muryar da ta dishe ta wuce mako uku ba ta dawo ba, musamman ga mai shan sigari ko giya, a kai ta wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da wannan sashe, haka Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada.

Leƙawa kaɗai ba ta isa ba. Sai an gutsuri ɗan nama an kai ɗakin gwaji, saboda tarin fuka ma yana kama maƙogwaro ya yi kama da daji sak, alhali maganinsa daban ne, kuma kyauta ake bayar da shi a asibitocin gwamnati. Na san maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu. Mu ma an faɗa mana, har da rantsuwa. Babu gaskiya a ciki. Mutane ne ba sa yarda a taɓa su sai ciwo ya yi nisa, daga baya a ɗora wa wuƙar likita laifi.

Da sakamakon gwajin nama da hoton CT (hoton na'ura mai nuna cikin jiki) na wuya da ƙirji, likita zai ba ciwon lamba daga T1 zuwa T4. A T1 da T2 ciwon ƙarami ne, tantanin bai daina motsi ba. A T3 ya riƙe tantanin ya hana shi motsi, amma yana cikin ɗaki. A T4 ya fasa bangon guringuntsi ya fita waje. Ka roƙi likita ya rubuta maka lambar a takarda, ya kuma faɗa maka ko kaluluwa ta kamu. Duk mai ba ka shawara da bai san wannan lamba ba, ka saurare shi don girmamawa, kada ka yi aiki da ita.

Ma'aunan da za a auna da su

Na gaba da komai shi ne wace hanya ta fi ba da damar warkewa mai ɗorewa a matakin da ciwon yake. Sai abin da zai rage wa mutum bayan magani: muryarsa, haɗiyarsa, da ta inda zai riƙa numfashi. Sai haɗarin da maganin yake da shi ga jikin wannan mutumin, da ƙodarsa da zuciyarsa da shekarunsa. Sai kuma wace ƙofa ta rage a buɗe idan ciwon ya dawo, domin mafi yawan dawowarsa a shekara biyun farko ne.

Kuɗi yana buƙatar a tsaya a kansa. Takardar da asibiti zai ba ka rabin labari ce. Akwai kuɗin mota, masauki, abinci, gwajin jini kowane mako, da sana'ar da mai jinya zai ajiye wata biyu ko uku. Farashi yana tafiya da darajar naira, saboda haka ka je ofishin kuɗi na asibitin a rubuta maka ƙiyasin wannan makon, ka tambayi me ya shiga ciki me bai shiga ba. Asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu ciwon daji ya fara ne da dajin mama, na bakin mahaifa da na furostet ɗin maza, don haka kada ka gina lissafinka a kansa kafin ka tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya. Mai inshorar lafiya ta NHIA ya tabbatar da kason da za ta ɗauka tun kafin a fara.

Ma'auni na ƙarshe a ganina shi ya fi shafar mu 'yan Najeriya: za a iya kai maganin ƙarshe ba tare da tsaiko ba? Littafi zai ce hanyoyi biyu daidai suke, amma littafin ya ɗauka cewa na'ura tana aiki kullum, mara lafiya kuma yana zuwa kullum.

Hanya ta farko: cire ciwon ta baki

Ana sa mutum barci, a zura bututu ta baki, a duba da madubin ƙara girma, a yanke ciwon da hasken lesa. Babu yanka a wuya, kuma yawanci ba a huda shi don numfashi. Kwana ɗaya zuwa uku a asibiti, mutum ya koma gida yana cin abinci. Ga ƙaramin ciwo a kan tantanin murya, kusan tara cikin goma suna rabuwa da shi ta wannan hanya.

Babban alherinta shi ne ba ta rufe kowace ƙofa. Idan ciwon ya dawo ana iya sake yi, ana iya gashi, ana iya babbar tiyata. Murya kuwa ta danganta da zurfin yankan. Idan sama-sama ne tana dawowa kusan yadda take. Idan an shiga tsoka, ko ciwon yana can gaba inda tantani biyu suka haɗu, za ta zauna a dishe har abada. Matsalarta a wurinmu samuwa ce: ba kowane asibiti yake da na'urar ba, ba kuma kowane likita ya ƙware da ita ba. Ka tambaya kai tsaye, irin wannan aikin nawa suke yi a shekara. Inda babu lesa, akwai tiyatar da ake buɗe wuya a cire wani sashe na maƙogwaron a bar sauran. Ta fi daɗewa a gado, ana huda wuya na wucin gadi, kuma tana son mai ƙarfin huhu, saboda zai yi makonni yana sarƙewa kafin ya sake koyon haɗiya.

Hanya ta biyu: gashi shi kaɗai

Kalmar gashi tana tsorata mutane, suna zaton wuta za a kanga musu. Wani haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, na'ura take harba shi daidai wurin ciwon. Ana ƙera wa mutum wata rigar fuska ta roba daidai kansa da wuyansa don kada ya motsa, ya kwanta kamar minti goma sha biyar, ya tashi bai ji komai ba. Litinin zuwa Juma'a, mako huɗu zuwa bakwai gwargwadon tsarin da likita ya zaɓa. Wahalar tana farawa wajen mako na uku: maƙogwaro ya yi zafi, haɗiya ta yi wuya, fatar wuya ta yi baƙi ta saɓule, murya ta ƙara dishewa kafin ta gyaru. Tana ci gaba da tsananta har mako ɗaya ko biyu bayan an gama, sannan ta fara sauƙi.

A T1 ƙarfin warkarwarsa da na lesa kusan ɗaya ne, kuma idan ciwon ya kama tantani biyun yakan bar murya mafi kyau. Amma yawanci ba a maimaita gashi a wuri ɗaya. Idan ciwon ya dawo sai tiyata, kuma naman da aka gasa ba ya saurin haɗewa. Bayan shekaru halittar nan ta gaban wuya da take kumbura ta zama maƙoƙo tana iya yin rauni, mutum ya riƙa jin kasala da sanyi. Gwajin jini yake nuna hakan, ƙwaya ɗaya a rana take gyara shi. Kafin a fara ana duba haƙora a cire ruɓaɓɓu, idan hasken zai ratsa muƙamuƙi.

A nan ne ma'aunin kammalawa yake da nauyi. Ƙwayoyin wannan ciwo suna saurin hayayyafa a tsakiyar magani, don haka kowace ranar da aka tsallake tana rage damar warkewa. A lokacin jinyarmu sai da muka sauka Abuja neman gashi, tafiyar awa huɗu zuwa biyar ta Akwanga da Keffi. Asibitin Ƙasa yana da sashen gashi, haka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, akwai kuma cibiyoyi masu zaman kansu da suka fi tsada. Duk wadda ka nufa, ka yi tambaya uku kafin ka biya: yaushe za a fara, na'ura nawa suke da ita, kuma ina suke tura marasa lafiya idan ta tsaya. Mu mun sauka a gidan wani ɗan'uwa a Mararaba saboda sauƙi, muna fita kafin sallar asuba don kauce wa cunkoson Nyanya, muna salla a hanya. Da zan sake, da na nemi ɗaki kusa da asibiti ko da ya fi tsada. Mutumin da maƙogwaronsa yake ƙuna bai kamata ya yi awa biyu a cikin hayaƙin mota kullum ba.

Wanda ya ci gaba da shan sigari yana gashi yana rage wa maganin ƙarfi da hannunsa. Wannan ya shafi duk hanyoyin, amma a nan ya fi bayyana.

Hanya ta uku: gashi haɗe da kemo

Wannan ita ce hanyar ceton maƙogwaro idan ciwon ya kai T3 ko ya shiga kaluluwa. Gashi sau 35 a mako bakwai, tare da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, a nan wani mai suna sisfilatin da ake sawa ta ƙarin ruwa, ko babban awo sau uku duk bayan mako uku, ko ƙaramin awo kowane mako.

Tana da hujja mai ƙarfi. A 1991 aka wallafa binciken da aka yi a asibitocin tsoffin sojojin Amurka a kan mutum 332. An yi wa rabi tiyatar cire maƙogwaro, rabi aka fara musu da kemo sannan gashi. Bayan shekara biyu yawan waɗanda suke raye ɗaya ne a ɓangarorin biyu, kashi 68 cikin ɗari, kuma kashi 64 na 'yan kemo sun tsira da maƙogwaronsu. Wani binciken da ya fito a 2003 ya nuna cewa idan aka ba da sisfilatin a lokaci guda da gashi, kashi 88 suna tare da maƙogwaronsu bayan shekara biyu, gashi shi kaɗai kuwa kashi 70. Sai dai akwai abin da masu kawo waɗannan alƙaluma suke tsallakewa. Binciken na biyu bai ɗauki waɗanda ciwonsu ya fasa guringuntsi ya fita ba, kuma mutanen da aka ɗauka masu ƙarfin jiki ne da aka kula da su ba tare da yankewar magani ba.

Ita ce mafi wahala a cikin makonnin magani. Sisfilatin yana taɓa ƙoda, yana iya rage ji ko ya bar ƙara a kunne, yana sa amai, yana rage garkuwar jiki har ƙaramin zazzaɓi ya zama abin kwanciya asibiti. Baki yana bushewa, ɗanɗano yana tafiya, mutum yana ramewa, da yawa sai an sa musu robar abinci. Mai ciwon ƙoda ko raunin ji ba ya ɗaukarsa, kuma bayan shekara saba'in amfaninsa yana raguwa. Ta fuskar kuɗi ta fi gashi kaɗai nesa ba kusa ba, kuma kuɗinta ba ya tsayawa inda aka ƙiyasta, domin kwanciya ɗaya ta gaggawa tana iya rushe lissafin.

Akwai kuma abin da likitanmu ya faɗa da ban manta ba: a bar wa mutum maƙogwaro daban, maƙogwaron ya yi aiki daban. Wanda tun kafin magani ruwa yake sarƙe shi, ko sai da aka huda wuyansa kafin ya iya numfashi, yana iya gama wahalar mako bakwai ya tashi da maƙogwaron da ba ya kare huhunsa. Ga huji a wuya, ga robar abinci, ga ciwon huhu yana kai yana kawowa. Idan kuma ciwon bai mutu ba, tiyatar da aka guda ita za a yi, a kan naman da ya fi wuyar warkewa.

Hanya ta huɗu: cire maƙogwaron gaba ɗaya

Tsohuwar hanya ce. Wani likita mai suna Theodor Billroth ya fara yin ta a birnin Biyena na ƙasar Ostiriya a 1873, kuma har yau ita ce mafi tabbas idan ciwo ya fasa guringuntsi. Ana cire ɗakin muryar duka, yawanci tare da kaluluwar wuya. Ana ɗinke hanyar iska a wani huji a gindin wuya, ta nan mutum zai riƙa numfashi har ƙarshen rayuwarsa. Hanyar abinci ta rabu da ta iska kwata-kwata, saboda haka sarƙewa ta ƙare. Kusan mako biyu a asibiti, abinci ta robar hanci har ɗinki ya kama. Babban haɗarinta na kusa shi ne ɗinkin ciki ya buɗe yawu ya riƙa yoyo ta wuya, abin da yake tsawaita kwanciya. A mataki mai nisa yawanci ana bin ta da gashi cikin mako shida, don haka a sa kuɗin biyun a lissafi tun farko.

Na Kawu T3 ne, amma gwaji ya nuna ƙodarsa ta yi rauni saboda hawan jinin da ya daɗe bai kula da shi ba, kuma ko shayi ya kurɓa sai ya yi tari. Likitocin suka karkata ga tiyata. Daren da muka koma gida ya kira ni, ya ce da 'yar muryar da ta rage: "Ɗana, in sun cire, da me zan nemi abinci? Da me zan yi salla?" Na ce, "Kawu, abinci mu bar wa Allah da mu 'ya'yanka. Maganar salla kuma bari in ɗauko malam." Malamin unguwarmu ya zo ya zauna da shi har bayan isha'i, ya nuna masa cewa wanda ba ya iya furuci yana sallarsa gwargwadon ikonsa. Wannan zaman ya yi abin da bayanin likita bai yi ba. Duk wanda nasa yake ƙin tiyata, ya bincika me yake tsoro a zahiri, domin sau da yawa ba wuƙar ba ce.

Magana tana dawowa ta hanya uku. Akwai koyon haɗiyar iska a dawo da ita ta hanyar abinci, kamar gyatsa, a sarrafa ta da harshe da leɓe. Ba ta cin ko kwabo, sai dai tana son watanni na naci kuma ba kowa yake iyawa ba. Akwai 'yar na'ura mai batir da ake dannawa a gefen wuya, muryarta kamar ta inji, amma ana fahimta, sau ɗaya kuma ake saye. Akwai wata 'yar roba da ake dasawa tsakanin hanyar iska da ta abinci, wadda Blom da Singer suka fito da ita a Amurka a 1980. Ita ta fi ba da murya mai kama da ta mutum, amma ana canja ta duk bayan 'yan watanni, daga waje ake kawo ta, kuma sai an sami wanda ya iya canjawa a kusa. Kada a dasa ta sai an tabbatar da inda za a riƙa samun sabuwa.

Rayuwa da huji a wuya tana da nata sharuɗɗan. Iska ba ta bi ta hanci, don haka babu mai tace ta ko ɗumama ta, kuma hunturun Jos ba ya raga wa kowa. Kaki yana bushewa ya toshe hujin idan ba a kula ba. Muna rufe wa Kawu da ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa, muna ajiye kwanon ruwan zafi a ɗaki da dare. Wanka daga kafaɗa zuwa ƙasa, kai kuma a sunkuye a wanke shi daban, shiga rafi babu shi har abada. Jin ƙamshi yana raguwa, ɗaga kaya mai nauyi yana wuya. Duk 'yan gida su sani cewa idan ya suma, ta wuya ake ba shi iska. Yanzu Kawu ya koma tasha, shi yake riƙe da littafin lodi, na'urarsa a aljihun gaba. In direba ya yi masa gardama yakan ciro ta ya danna a wuya, kuma ana saurarensa.

Hanyoyin a jere

| Hanya | Matakin da ta dace da shi | Tsawon lokaci | Kuɗi | Murya | Babban haɗari | In ciwon ya dawo |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Cirewa ta baki | T1, wasu T2 | Kwana 1 zuwa 3 | Matsakaici, sau ɗaya | Ta danganta da zurfin yanka | A bar ragowar ciwo a gefe | Duk ƙofofi a buɗe |
| Gashi kaɗai | T1, T2 | Mako 4 zuwa 7 | Matsakaici, ga masauki da mota | Yawanci mai kyau | Tsaiko a tsakiya | Tiyata |
| Gashi da kemo | T3, ko kaluluwa ta kamu | Mako 7, da watannin farfaɗowa | Mai yawa, yana iya ƙaruwa | Tana nan, a dishe | Ƙoda, ramewa, sarƙewa | Tiyata mai wuyar warkewa |
| Cirewa gaba ɗaya | T4, wasu T3 | Mako 2 a gado, sau da yawa sai gashi | Mai yawa, ga kayan kula da huji | Sai an koyi sabuwa | Yoyon ɗinki, huji na dindindin | Zaɓi ya ragu |

Fita waje, Indiya ko Masar, waɗannan hanyoyi huɗu za a tarar a can. Abin da ake saye shi ne sauri da rashin tsaiko. Mai hali ya tafi, amma ya fara samun likitan da zai ci gaba da duba shi a gida shekara biyar, kuma kada neman biza da tara kuɗi su cinye wata uku alhali ana iya farawa a Abuja mako mai zuwa. Addu'a da tofi kuwa suna tafiya tare da kowace hanya. Abin da nake roƙo shi ne kada jiƙe-jiƙe su zauna a gurbin magani, kuma a faɗa wa likita duk abin da ake sha, saboda ƙodar da kemo yake takura wa ba ta ɗaukar ƙarin nauyi.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Mai ƙaramin ciwo a tantani ɗaya, wanda ba zai iya barin gida da sana'a mako shida ba, ya nemi inda ake cirewa ta baki, in akwai ƙwararre. Wanda muryarsa ce jarinsa, liman ko ladan, malamin aji, mai wa'azi ko mawaƙin coci, musamman idan ciwon ya taɓa tantani biyun, ya tattauna gashi sosai da likitansa, bisa sharaɗin ya tanadi masauki da kuɗin dukan makonnin kafin ranar farko.

Mai T3 da bai kai saba'in ba, ƙodarsa lafiya, yana haɗiya ba sarƙewa, yana numfashi da kansa, yana da mai jinya tsayayye da kuɗin da zai kai shi ƙarshe, gashi da kemo hanya ce ta gaskiya a gare shi. Ya shiga da sanin cewa tiyata tana iya biyo baya, kuma kada ya tsallake ranar dubawa ko ɗaya.

Mai T3 irin Kawu, wanda ƙodarsa ko shekarunsa ba za su ɗauki kemo ba, ko maƙogwaron ya riga ya daina kare huhu, ko kuma yana zaune nesa da inda za a lura da dawowar ciwo da wuri, tiyata ta fi masa aminci. Mai T4 da ya fasa guringuntsi, shawarar da zan ba ɗan'uwana na jini ita ce ya yarda a cire, a bi da gashi.

Wanda ciwonsa ya bazu zuwa huhu ko wani wuri mai nisa, ko jikinsa ba zai ɗauki ko ɗaya ba, har yanzu akwai abin yi masa: gajeren gashi don rage ciwon, buɗe hanyar numfashi, robar abinci, da maganin zafi mai ƙarfi irin mofin na sha. A nemi sashen kula da masu irin wannan jinya a asibitin koyarwa, kada a bar shi a ɗaki yana fama da zafi.

Wanda kuma numfashinsa ya fara ƙara, yana kasa kwanciya rigingine, ramin wuyansa yana lotsawa idan ya ja iska, a ajiye duk wannan awon a kai shi sashen gaggawa yau, ko da tsakar dare ne. Hujin da za a yi masa don ya numfasa daban yake da cire maƙogwaro, kuma bayan ya samu iska za a zauna a zaɓi hanya.